Guntayen Mintocin Malam Ɗahiru

A gafarce ni, ban taɓa rubutu don idon jama'a ba. Sai dai na ga Malam Ɗahiru zai ajiye aiki babu wanda ya ce masa sannu.

Shekara goma sha tara ke nan, kullum da asuba yakan ɗaura agogon hukumar En'e a wuya, ya tsaya gindin tsamiya ya buga ƙarfen fara aiki. Bai yi boko ba. Ƙwallon goruba ne awa ɗaya a wurinsa, tsakuwa kuwa minti goma.

Shekarar da kogi ya cika ya batse, aka ɗora wa mutanen Auyo awa ashirin na cikon bakin hanya, a sallame su in sun gama. Rana ta uku akawu ya duba takardarsa.

"Bakwai zuwa ɗaya, sau uku, sha takwas. Gobe ku dawo."

Gana, wani manomi, ya dire kwandon ƙasa. "Malam akawu, ruwa ya kai wa shinkafata wuya. Gobe sai dai in yanki kifi."

Malam Ɗahiru ya dubi Baturen aiki, wanda kalma ɗaya tasa ta isa ta raba shi da agogon. Ya durƙusa ya zazzage jakarsa.

"Ranka ya daɗe, bakwai saura ashirin nake bugawa. Ga tsakuwa biyu. Bakwai zuwa ɗaya, goruba shida. Ba sa tashi sai ɗaya da ashirin, ga biyu kuma."

"Baba, guntu ba ya shiga takarda," in ji akawu.

"Ɗana, a jikinsu ya shiga ai."

Ya tara tsakuwar kwana uku, sha biyu cif, ya musanya su da goruba biyu. Bature ya ƙirga da bakin sandarsa, ya sake ƙirgawa, sannan ya ɗaga hannu a sallame su. Kafin la'asar kwale-kwalen Gana ya fito daga fadama da dammunan shinkafa.

Kai ne ba ka zubar da mintin talaka ba, Malam, agogon da ba ya jin tsoro. Mun gode, Allah ya saka. Duk wanda aka damƙa wa ma'auni, ya riƙa tsince guntaye kamar kai.

Na kai takardar nan zaurensa, na tarar da Gana yana sauke buhun shinkafa, Malam yana cewa a mayar. Na tura takardar ƙarƙashin jakar goruba, na sulale tun suna gardama.