Matar da ke Yage Shafin Ƙarshe

A bakin tasha, gaban teburin mai littattafai, wata mata tana tsaye da kular abinci a hannu. Idanunta sun yi zuru-zuru, takalminta ya sha hanya har dunduniya ta leƙo. Littattafan samari take ɗagawa, masu baƙin bango, ga wuƙa ga ankwa, irin waɗanda ko ni da gemuna ba na karantawa ni kaɗai a ɗaki.

Ba ta farawa daga farko. Shafin ƙarshe take buɗewa, ta bi da yatsa, ta ajiye.

"Inna, ta jela kike kamo labari?" in ji mai littattafai. "Alƙali ma yana jin shaidu kafin hukunci."

Ko murmushi ba ta yi ba. "Yaron da ke cikin littafin, ana sakinsa?"

"Wannan? Ɗaurin rai da rai. Amma akwai daɗi!"

Motar da take jira ta gidan yari take bi, yau kuwa ranar ziyara ce. Ina jin ɗanta ne ya ce a kawo masa irin wanda yake so.

Sai ga shi ta saya, ta juya baya, tana yage shafukan ƙarshe a hankali.

"Ya ƙarasa da kansa," in ji ta.