Rubutun Malam a Mayafi

Shekarar da yayana ya kwanta ciwo a Legas, abokan sana'arsa masu sayar da albasa ne suka haɗa kai suka saya mana tikitin jirgi, ni da Inna. Hanyar mota ta yi nisa, ga tsoron 'yan bindiga, jikin kuma ya yi tsanani. Tikiti mafi araha suka saya, kuma har gobe ban ga laifinsu ba.

A gidanmu na Wagini ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Inna ta cika buhu da daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da man shanu. Baba kuwa, wanda kowa ke kira Malam, idonsa ya riga ya yi rauni, amma ya zauna a zaure yana rubuta ayoyin waraka a allo, ya wanke, ya sake rubutawa, har ya cika 'yar jarka. Yayana da bakinsa ya roƙa a waya: "Rubutun Malam nake so." Bai nemi komai ba bayan shi.

Inna ta taɓa shiga jirgi sau ɗaya, lokacin da ta sauke farali. Tun daga kan babur zuwa Batsari har cikin motar Katsina labarin da nake sha ke nan: an ba su shinkafa da kaza, an ba su bargo, an ɗauko mata zamzam ɗinta. Har hana ni sayen ƙosai ta yi, wai kada in cika ciki kafin abincin jirgi.

A filin jirgi, ma'aikaciyar da ke duba tikiti ta kalli buhunmu ta ce, "Hajiya, wannan tikitin ba ya ɗauke da kaya, sai jakar hannu."

"Mi kike cewa, ɗiyata? Jirgi guda ba ya ɗaukar kaya? Ko jakin gidanmu ai yana ɗauka."

Ta ce idan muna so sai mu biya daban, ta faɗi kuɗin da ko mun zazzage aljihunmu kaf ba za su kai ba. Raina ya ɓaci, na yi ta masifa har mutane suka juyo. Ta ce kamfani ne ya tsara haka, ba ita ba. Gaskiya ta faɗa, kuma shi ya fi ƙona mini rai, don babu wanda zan kama. Direban da ya kawo mu ɗan Batsari ne, shi muka ba buhun ya maida gida. Jarkar kawai Inna ta cusa a jakarta.

A wajen bincike aka zaro jarkar. Jami'in ya ce ruwa ba ya shiga a hannu, sai a cikin kayan awo, wato manyan kaya irin buhunmu. Kayan awon da aka hana mu ke nan. Ya nuna kwandon shara ya ce, "Ku sha ko ku zubar."

Inna ta ce, "Ayar Allah a shara? Yaro, ka ji tsoron Allah."

Ta koma gefe ta durƙusa, ta fito da farin mayafin da take salla da shi, ta naɗe shi a leda. Ta riƙa tsiyaya rubutun a kai a hankali, tana bismilla, har mayafin ya ƙoshi ya koma ruwan toka. Ragowar muka raba muka shanye, ni da ita, mu da lafiyarmu lau. Jiƙaƙƙen mayafi dai ba su hana shi wucewa ba.

A cikin jirgi babu abinci, ko ruwan sha sai ka saya. Sanyi ya kama Inna, ta nemi bargo aka ce babu. Ta rungume ledarta a cinya har muka sauka, kuma ban sake jin labarin kaza ba.

Mun tarar da yayana da roba a hanci, an hana ba shi komai ta baki. Inna ta zaro gefen mayafin ta ɗora masa a leɓe. Ya buɗe ido, ya lasa.

"Na Malam ne?"

"Nashi ne, ɗana."

Washegari da hantsi ya cika. Can aka yi masa sutura.

Da muka dawo Wagini, Baba ya gama karɓar gaisuwa, ya shigo cikin gida yana laluben bango, ya tambayi Inna, "Ya sha?"

Ta ce, "Ya sha, Malam."

Bai tambaya ko nawa ya sha ba, mu ma ba mu faɗa ba. Buhun da direba ya maido yana jingine a ɗakin Inna, ko ɗaurinsa ba a kwance ba. Da kukar da daddawar aka kaɗa miyar masu zaman makoki. Aka miƙo mini tawa a kwano, na kasa kai loma baki.