Rigar Habu Mai Walda

Har gobe ba na mantawa da ranar da Habu mai walda ya shigo shagonmu a Rano lulluɓe da zanin gado, ana tsakiyar bazara, lokacin da ko fanka iskar zafi take hurowa. Ku da kuka zo koyon ɗinki daga baya ba ku san shi a wannan halin ba.

A lokacin maigidanmu Alhaji Bala ne ke yanka, ni ke awo da haɗa ɗinki. A shagon tela mai yanka shi ne babba, ba a canza fasalin riga sai da yardarsa.

Habu mutumin Tarai ne, ta wajen Kibiya. Yana zuba wa janaretansa mai ne wuta ta tashi, ta ƙone shi daga kafaɗa har ƙugu. Ya warke, amma sabuwar fatar ba ta jure komai. Shadda mai sitati kartar sa take, rigar gwanjo mai roba kuma ta manne masa da gumi. Tun da aka sallamo shi daga asibiti bai koma bakin aiki ba, ga iyali.

Yayansa Malam Isa ne ya kawo shi a babur. Na ɗauko tef, sai Habu ya ja da baya.

"Malam Nura, don Allah kar ka taɓa."

Na ce, "To, tsaya min yadda kake tsayawa in kana walda." Ya sunkuya, ya miƙa hannuwa, na kimanta da ido.

Muka nemo yadin auduga zalla, irin na kakin ma'aikata, don tartsatsin wuta narkar da roba yake. Aka yi ta wanke shi har ya yi laushi. Na ɗinka riga mai faɗi, ba kwala, da wando mai zariya.

Ba a jima ba sai ga su sun dawo. Yadin bai dame shi ba, bakin ɗinkin da ke ciki ne ya goge masa kafaɗa har ta yi jini. Habu ya ajiye rigar a kan tebur, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ku bar shi kawai. Da alama ni da walda mun rabu."

Na ce wa Alhaji mu fitar da bakin ɗinkin waje, cikin ya zauna sumul.

"A ce daga shagona riga ta fita a baibai?" in ji shi. "Me mutanen gari za su ce?"

Ya kalli kafaɗar Habu ya daɗe, sannan ya ɗauki almakashi da kansa. Ya yanko siraran ƙyallaye aka rufe ɗinkin ta waje, aka bi shi da farin zare layi biyu, sai ya zama kamar ado. Ya sa na sauko da manyan aljifai ƙasa, inda wuta ba ta kai ba, don gilashin walda.

Habu ya saka. Ya ɗaga hannu, ya sunkuya, ya sake ɗagawa. Sai ya juya wajen Malam Isa ya ce, "Yaya, mu biya ta wurin aiki in duba injina."

Kafin damina ta faɗi, samari masu haya da babur da 'yan ƙwallo sun fara zuwa suna cewa a yi musu irin ta Habu. Ita ce wannan da kuke ɗinkawa duk bazara. Habu kuwa dariya yake, ya ce shi da yake ɓuya a ɗaki, yau shi ake kwaikwayo.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, ba kowa ke zuwa wurin tela don kwalliya ba. Wani so yake ya iya fita cikin mutane, ya nemo abincin gidansa. Don haka in mutum ya shigo, kafin ku tambaye shi wane yayi yake so, ku tambaye shi wane aiki zai yi a cikin rigar, kuma ina ne ke masa ciwo.