Ƙofar Ɗaki na Goma Sha Huɗu

Babanmu kafinta ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a sashen gyare-gyare na jami'a, amma in ka tambayi ɗaliban da suka zauna a ɗakunan kwanan maza sunansa na gaskiya, ba na jin za ka samu mutum biyu da suka sani. Baba Yanzu-yanzu suke ce masa. Duk wanda ya kawo masa kukan karyayyen gado ko tagar da ta ƙi rufuwa, amsarsa ɗaya ce, yanzu-yanzu. Sauran ma'aikata ma suna faɗin haka, sai dai nasu yanzu-yanzun yakan kai wata biyu. Shi kuwa kafin ka juya baya ya saɓa jakar kayan aiki.

Gajere ne, kunnensa na hagu ya yi nauyi saboda ƙarar guduma, kuma bai iya ganin abu a karye ya wuce ba. Ko gaisuwa ya je gidan mutane, in kujera ta yi ƙara a ƙarƙashinsa, sai ya kifa ta ya duba ƙafafunta, masu gida na kallo. Innarmu takan ce da ana gyara mutum da guduma, da tuni ya daidaita mu duka. Ba ya yar da ƙusa. Duk wadda ya zare, komai lanƙwasarta, sai ya ɗora ta a kan ɗan guntun ƙarfe ya bubbuga ta miƙe, ya jefa a wani tsohon gwangwanin madara. Muna yara mukan yi masa dariya, shi ko a jikinsa.

Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: tunda ya kama aiki, ƙofa ba ta taɓa kwana a karye a ɗakunan da ke hannunsa ba. Ya sha faɗa mana wannan har mun haddace. Ni ce 'yarsa ta uku, kuma a lokacin da abin da zan ba da labari ya faru ina buga takardu a wani shago cikin jami'ar, don haka da idona na ga yawancinsa.

Akwai abin da tsofaffin ɗalibai ke yi wa sababbi a makonnin farko, wanda kowa ya sani, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba. Sabon ɗalibi shi ne mai ɗebo ruwa zuwa hawa na uku, shi ne mai wankin manya, shi ne mai goge musu takalma. Wanda ya ƙi, sai a rufe masa shago, haka suke kiran abin. Da safe, yana cikin ɗaki, za su gicciye faifan katako a ƙofarsa ta waje su kafe da ƙusa huɗu, su tafi aji. In sun ga dama su buɗe shi da rana, in ba su ga dama ba, sai ya kai yamma a ciki. Bayan sun cire katakon, sai a kira Baba. Yakan zare abin da ya rage na ƙusoshi, ya cike ramukan da garin katako da gam, ya goge, ya shafa fenti. In mun tambaye shi, sai ya ce ƙuruciya ce, shi dai aikinsa ƙofa.

A shekarar akwai wani sabon ɗalibi a ɗaki na goma sha huɗu, siriri mai tabarau, shi ya sa ake ce masa Mai Tabarau. Baba ya san shi, don ya taɓa gyara masa teburin karatu, saurayin kuma ya miƙe ya ba shi kujera, abin da ɗalibai ba su cika yi ba. Shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a. Ya yi ɗiban ruwan mako guda, da aka zo kan wankin kamfai ya ce a'a, wannan kam ba zai yi ba.

Suka zaɓi ranar da yake da jarrabawar gwaji ƙarfe tara, suka rufe masa shago. Ya yi kira, ya yi magiya, ya buga ƙofa har hannunsa ya kumbura. Duk hawan akwai mutane, ba wanda ya leƙo. Da ya ga lokaci na ƙurewa, sai ya kwance ƙafar gadon ƙarfe ya fasa ƙofar ta ciki, ya rarrafo ta ramin ya ruga. Ko da ya isa an rufe zauren jarrabawa. Kafin ya dawo, masu aika-aikar sun ɓalle katakonsu sun yi gaba da shi.

Wajen sha ɗaya aka gaya wa Baba. Ya ce yanzu-yanzu. Ya tarar da ƙusa huɗu a lanƙwashe a jikin firam ɗin ƙofar ta waje, ya zare su, ya miƙar, ya jefa a gwangwani. Ya cike ramuka, ya sa sabuwar ƙofa, ya yi fenti. Ƙarfe biyu bai yi ba ɗakin ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Ranar har wata annashuwa yake yi a gida, yana ba mu labarin yadda launin fentin ya dace.

Bayan kwana tara aka liƙa takarda a allon sanarwa. Kwamitin ladabtarwa na neman Mai Tabarau kan laifin lalata kayan jami'a da gangan, hukuncin wannan kuwa kora ce. Shi ya ce kulle shi aka yi. Manyan da ya ambata su uku suka rantse cewa makullinsa ya ɓatar, ya huce haushi a kan ƙofa. Aka tambayi 'yan hawan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ba ya nan. Ban ga laifinsu sosai ba, su ma a ɗakunan nan za su ci gaba da kwana. Aka tura mutum biyu su duba ƙofa, suka dawo suka rubuta cewa babu wata alamar an kafe ta daga waje.

Mai Tabarau ya zo ya sami Baba a rumfar aikinsa, ina zaune na kawo masa abinci. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, kai kaɗai ka ga ƙusoshin nan. In ba ka yi magana ba, na tafi ke nan."

Baba ya ajiye cokali. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, fuskarsa ta sauya kamar wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta ya yi tafiya. Bai ce yanzu-yanzu ba. Cewa ya yi, "Zan je, ɗana."

Zuwa gaban kwamiti ba kamar zuwa gyaran gado ba ne. Sai da na buga masa takardar neman izini, shugaban sashensu ya sa hannu yana tsaki, yana cewa mene ne haɗin kafinta da shari'ar ɗalibai. Takardar ta kwana biyar a kan teburin wani. A ƙarshe aka ba mu ranar Talata, aka kuma yarda in zauna kusa da shi in riƙa maimaita masa tambaya saboda kunnensa. Ya sa rigarsa mafi kyau, ya rungumi gwangwaninsa kamar jariri.

Ɗakin zaman yana da dogon tebur, wanda shi Baba ya haɗa shi da hannunsa shekaru goma sha biyar da suka wuce. Na lura yana shafa gefensa da yatsa. Mutum biyar ne a kwamitin. Shugabar wata farfesa ce mai sanyin murya, kuma gaskiya ba ta wulaƙanta shi ba, har kujera ta sa aka ba shi. Da ta yi mana tsawa ma da abin ya fi mini sauƙi, da na samu wanda zan tsana.

Baba ya faɗi abin da ya gani tiryan-tiryan: ƙusa huɗu, inci uku-uku, an buga su ta waje, biyu a dama biyu a hagu. Wani malami mai furfura ya tambaya ko ya rubuta rahoto a ranar. Ya ce a'a. Ko ya ɗauki hoto? A'a. Ko ya kira mai kula da ginin ya gani kafin ya taɓa? A'a, shi dai ya ga ƙofa a karye. Sai Baba ya buɗe gwangwani ya zazzage a kan teburin. Ƙusoshi suka watsu, sun fi ɗari biyu, kowacce a miƙe sambal. Shugabar ta dube su, ta ce, "Baba, waɗanne ne huɗun?"

Ya sa yatsa yana jujjuya su. Ya ɗauki ɗaya ya kanga ta a haske, ya ajiye, ya ɗauki wata. Ni na san ba zai gane su ba, shi ma ya sani, amma ya kusa minti uku yana nema, ba wanda ya iya ce masa ya bari.

Can sai ya ɗago da sauri ya ce a je a kankare fentin, ramukan suna nan a ƙasa, gam bai kai katako tauri ba. A nan zuciyata ta ɗan yi sanyi. Kwamitin ya yarda, muka ɗunguma zuwa hawa na uku da rana tsaka, ɗalibai na leƙe ta tagogi. Baba ya fiddo wuƙar kankara ya fara aiki. Rami ya fito, sai na biyu, sai na uku da na huɗu. Mai Tabarau har ya ja numfashi. Amma Baba bai iya rabin aiki ba, ya ci gaba da kankarewa, sai ga na biyar, ga na goma. Daga sama har ƙasa firam ɗin nan cike yake da tabon ramuka, wani kan wani, kowanne an cike shi da kyau an goge. Malamin mai furfura ya ƙirga har arba'in da wani abu ya gaji.

Shugabar ta tambaya a hankali, "Duk kai ka cike waɗannan?"

Na maimaita masa a kunne, ko da yake na san ya ji. Ya ce, "Ni ne, ranki ya daɗe."

"Tun yaushe?"

"Tun zuwana."

"Ka taɓa gaya wa wani?"

Ya mai da idonsa kan wuƙar da ke hannunsa.

Abin da kwamitin ya rubuta daga baya, ni na ga kwafinsa, don a shagonmu aka buga. Ya ce ramukan sun nuna an daɗe ana wannan mummunar ɗabi'a, kuma za a kafa wani kwamiti ya duba. Amma ba a iya tabbatar da cewa ko ɗaya daga cikinsu na ranar da ake magana ne ba. Fasa ƙofa kuwa, ɗalibin da bakinsa ya amsa. Manyan nan uku aka ja musu kunne. Mai Tabarau aka sassauta masa, maimakon kora aka dakatar da shi shekara biyu. Su a wajensu rahama suka yi. Mu mun san wanda ya fito daga irin gidansu, in ya koma shekara biyu ya koma ke nan. Baba kuma aka ba shi takardar gargaɗi, ita ce ta farko a aikinsa, saboda rashin kai rahoto. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ban san wa zan kama ba. Kowa a ɗakin nan ya bi doka.

Ranar da zai tafi, Mai Tabarau ya biyo ta rumfar Baba yin sallama, yana jan akwatinsa. Hannun akwatin ya ɓalle ta gefe ɗaya, ya ɗaure shi da igiya. Bai yi wa Baba ƙorafi ba, godiya ma ya yi masa da ya tsaya masa. Baba ya kasa haɗa ido da shi, idonsa ya sauka a kan hannun akwatin. Ina gani hannunsa ya tafi jakar kayan aiki shi kaɗai. Ya ce, "Kawo in ɗan kama maka wannan, yanzu-yanzu."

Saurayin ya janye akwatin baya kaɗan. Ya ce, "A'a Baba, bar shi haka."

Ba da gatse ya faɗa ba, ina jin sauri yake kada mota ta tashi. Amma Baba ya zauna a kan bencinsa, ya daɗe bai motsa ba. Mun nemi labarin saurayin daga baya. Wani ya ce ya gan shi yana sayar da kayan waya a wata tasha, wani ya ce ba shi ba ne. Shekara biyun ta cika, Baba, duk da a lokacin ya riga ya ajiye aiki, ya yi ta zuwa allon sanarwa ina karanta masa sunayen waɗanda suka dawo, babu nasa.

Bayan tafiyar saurayin, Baba ya ƙarasa shekara ɗaya da rabi da ta rage masa a aiki. A cikinta sau shida ya tarar an rufe wa wani shago, sau shida ya ƙi taɓa ƙofa, ya zo na buga masa rahoto. Ba a amsa ko ɗaya ba. Ɗalibai suka fara kai ƙararsa wai ya tsufa ya yi sanyi, sai aka riƙa tura wani kafinta, wanda shi ma ya iya cike rami.

Yanzu yana gida, ƙarfinsa da saura. Watanni huɗu ke nan da iska ta ɓalle ƙofar kicin ɗinmu, tana rataye da hinji ɗaya, sai an ɗaga ta ake shiga. Innarmu ta yi mita har ta gaji, ta ce ina amfanin auren kafinta. Jiya da na je na tarar da shi a tsakar gida, gwangwanin na gefensa, ya zuba wa ƙofar ido. Na ce, "Baba, aikin minti goma ne fa a wajenka."

Ya ce, "Na sani. A bari wani ya zo ya gani tukuna."

Na tambaye shi wa zai zo. Ya ci gaba da kallon ƙofar, ina jin ta kunnen hagu na yi masa maganar.