Kwandunan Zvonko

Zvonko mai gyaran famfo ne a garin Osijek, ya shekara talatin yana kiwon kifin ado da ake kira koi. Da ya tsufa sai ya cire matatar tafkinsa, ya jera kwandunan yumɓu a cikin tafkin, ya ce ƙananan ƙwayoyin halitta da ba sa son iska za su zauna cikin yumɓun su tace ruwan.

Drago, shugaban ƙungiyar masu kiwon kifin, ya zo ya gani. "Kai tsoho, ka haukace? Kashe kifin za ka yi!" Ya ɗauki shebur ya farfasa kwando biyu.

Zvonko ya fizge shebur ɗin ya maka masa a baki, haƙora uku suka zube. Ƙungiya ta kori Zvonko, bai nemi gafara ba har ya mutu. Kifinsa suna nan lafiya, 'yarsa ce ke kula da su.