Turaren Mma da makin matan Zongo

Mahaifiyarmu, da muke kira Mma, ta rasu ba ta bar wa kowa sirrin turaren wutarta ba. Da ido take awo. Na gaji kaskonta da masu sayenta, amma hancinta ta tafi da shi. Kafin shekara matan kasuwar Hédzranawoé sun fara gaishe ni daga nesa. Abin ya ci min rai, don na ga sana'ar gidanmu za ta mutu a hannuna.

Sai ƙanwata ta zo hutu. A kamfanin man gashi take aiki, inda kwamfuta ke zaɓar kayan haɗi, inji ya haɗa ya gwada, kwamfutar kuma ta koya daga sakamakon.

"Yaya, odinata za ta nemo sirrin," in ji ta, tana nufin kwamfuta. "Ta faɗi awo, ki haɗa, mutane su ba da maki, ta gyara."

"Injin fa?"

"Ke ce injin."

Haka na zama baiwar kwamfuta. Ta ce ƙara kajiji, in ƙara. Ta ce rage sukari, in rage ina ƙunƙuni. Muka raba wa maƙwabta kyauta, kowa ta ba da maki daga ɗaya zuwa goma.

Abin da ƙanwata ta manta shi ne, a Zongo ba a kushe kyauta. Kowa goma. Wani haɗin ya tashi kamar ana ƙona taya a Adakpamé, maƙwabciyata tana tari tana hawaye ta ce, "Goma, Allah ya ƙara buɗi." Kwamfuta ta ɗauka taya muke so, ta ƙaro mana.

Na kusa jefa ta a kwata. Sai muka koma wurin Inna, yayar Mma, wadda tunda nake ban ji ta yabi ko ruwan sha ba. Ta shinshina ta ce, "Ɗaya, shi ma don kin sha rana." Mako shida muna kai mata, makinta na hawa zuwa biyu, uku, tana zagi, kwamfuta tana gyara.

Ranar wata Laraba na zuba sabon haɗi a garwashi. Hayaƙi ya tashi. Ƙanwata ta ɗora yatsa a kan kwamfuta.

"Inna, nawa?"

Inna ba ta dube mu ba. Ƙofa ta juya ta kalla, ta matsa gefen tabarma ta bar wurin zaman mutum ɗaya, inda Mma ta saba zama.