Mato da Takwaran Ɗansa na Birazil

In kana son tarihin wani mai tsaron baya ɗan Birazil da ake kira Rafayel, kada ka wahalar da kanka da neman tsohuwar jarida. Ka zo unguwar Mahajar a Jidda bayan la'asar, ka tambayi wurin mai shayin da ke jikin masallacin 'yan Nijar, za ka tarar da Mato, mijin ƙanwata Zeinabou, ya miƙe ƙafa a benci. Ba sai ka tambaye shi ba. Gaisuwa kawai za ka yi, ya ɗauko maka labarin tun daga tushe.

Ni Salamatou, ko hannu ban taɓa kai wa ƙwallo ba, amma na haddace tarihin nan dole, kamar yadda maƙwabcin mai injin markaɗe yake haddace ƙararsa. Rafayel ya fara a wata ƙaramar ƙungiya a garinsu na bakin teku, wata babba ta saye shi ta ajiye a benci, aka tura shi Fotugal ya karya ƙafar wani, ya zo Jidda ya yi kaka ɗaya, ya wuce Japan, ya koma gida gwiwa ta ritsa da shi. Ƙasarsu kuwa ta taɓa kiransa wasan sada zumunta, aka sa shi ana gab da tashi, ya fito ko gumi bai yi ba. Wannan shiga da fita ita Mato yake kira "lokacin da muka buga wa Birazil". Har da "muka" yake cewa, bakinsa ko nauyi ba ya yi.

Mato ya zo garin nan daga Tasawa a 1978, yayansa Isha'aku ne ya ɗauko shi. Isha'aku mutum ne mai sana'a a hannu, yana da warsha a Kurayyat inda yake gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, kuma kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardun zama, bai taɓa juya masa baya ba. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya koya wa ƙanensa aikin, Mato ya ce ƙamshin gas yana sa shi ciwon kai. Ya gwada dako a tashar jirgin ruwa, bayansa ya ƙi. Ya gwada gadi, barci ya ƙi barinsa. Daga ƙarshe tuƙi ya karɓe shi, saboda aiki ne da ake yinsa a zaune. Ya zama direban wani Balarabe da ke cikin shugabannin wata ƙungiyar ƙwallo ta garin.

A 1993 ƙungiyar ta kawo Rafayel, maigidan ya ba da aron Mato ya riƙa kai shi fili yana dawo da shi. Aro fa aka ba da shi, kamar tabarma. Rafayel ba ya jin Larabci, Mato ba ya jin yarensu, duk hirarsu da hannu ce da dariya. Amma kafin wata ya zagayo Mato ya sake salon tafiya, ya fara taunar cingam, ya daina cewa "maigida" ya koma cewa "abokina". In ka ji shi sai ka ɗauka tare suke cin abinci, alhali a mota yake jira har mutumin ya gama.

Cikin wannan kakar Allah ya ba Zeinabou haihuwa, bayan shekarun da ta yi tana kuka a ɓoye. Namiji ne. Kowa a dangi ya san sunan wa za a sa, ba a ma tsaya shawara ba. Isha'aku 'ya'yansa duk mata ne, shi ya riƙe Mato, shi ya yi masa aure, kuma tun ranar haihuwa ya sayo rago ya ɗaure a bayan warsha. A wurinmu, wanda aka yi wa takwara ɗan ya zama nasa: shi zai tufatar da shi, shi zai koya masa sana'a, shi zai tsaya masa ranar da ta ɓaci. A ƙasar da ɗanka na haihuwa yake zama baƙo ranar da ya balaga, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da safiyar suna maza suka taru, liman ya karkato kunne, Mato ya raɗa masa. Ina daga bayan labule ina zuba kunu na ga liman ya ja baya ya dube shi. Ya ce wannan ba sunan da zai raɗa wa ɗan Musulmi ba ne. Suka yi ta ƙus-ƙus, a ƙarshe suka daidaita a kan Rafi'u, wai ya fi kusa. Da aka sanar, wuri ya yi tsit. Isha'aku ya shafa fatiha da kowa, ya tsaya aka yanka ragonsa, ya sa takalmi ya tafi ko nama bai taɓa ba.

Na ja Mato gefe na tambaye shi abin da ya shiga kansa. Ya dube ni kamar mai tausayin jahilcina.

"Yaya, gyaran firji kike so ɗana ya gada? Takwaransa ɗan ƙwallon Birazil ne. Da ya tasa zai aiko a kai masa shi."

Na tambaye shi ko mutumin ya san da wannan nauyi da aka ɗora masa. Ya ce in jira in gani.

Da hantsi ya je ya ɗauko shi. Rafayel ya shigo unguwa da gajeren wando, mata suna jan mayafi. Mutum ne mai fara'a, ban ɗora masa laifin komai ba. Aka miƙa masa jariri, Mato ya nuna ƙirjin baƙon, ya nuna jaririn, ya maimaita sunayen biyu. Mutumin ya yi dariya, ya cire hular ranar da ke kansa ya kifa wa jaririn, ya ci tsoka biyu, ya duba agogo. Shi ke nan abin da ya faru, da idona na gani. Amma a wurin Mato an ƙulla alkawari, hula ce shaida. Ya sa ta a leda ya rataye a bango sama da gado.

Kaka ta ƙare, Rafayel ya tattara ya wuce Japan, Mato ya kai shi filin jirgi ya dawo yana share hawaye. Daga nan ya mai da bin sawunsa sana'a. Duk wani mai eriya ko mai karanta jaridar waje, Mato ya san ƙofarsa. Ya san ranar da aka ba mutumin jan kati, ya san ranar da aka yi masa aikin gwiwa. Ajin da ɗansa yake a makaranta ne bai sani ba.

Rafi'u kuwa yaro ne mai sanyin hali, haihuwar Jidda, yana jin Hausa amma da Larabci yake mayar maka. Uban ya sa shi tsaron baya tun bai iya ɗaura takalmi ba. In makaranta ta ci karo da wasan unguwa, makaranta ce ke haƙuri, har ta haƙura gaba ɗaya. Kowa ya san ƙungiyoyin garin nan ba sa ɗaukar yaron da ba ɗan ƙasa ba, ko a bakin filinsu aka yanke masa cibiya. Mato ya ce wannan bai dame shi ba, ɗansa ba na nan ba ne, jirgi zai hau. Zeinabou ta yi magana har ta gaji. Ni ma na yi, ya ce hassada ce irin ta wadda ba ta taɓa zama da manyan mutane ba.

A 2012 Rafi'u ya cika sha takwas, ya faɗo daga iƙamar ubansa, wato takardar izinin zama. Ba ya makaranta, ba shi da sana'a, babu kafilin da zai dube shi. Fita waje ta zama sai da waige-waige. Zeinabou ta rame, ni kaina abin ya hana ni sukuni, don yaron a hannuna ya girma.

Ana cikin haka aka gayyato tsofaffin 'yan wasa bikin ban kwana da wani ɗan ƙwallo, har da Rafayel. Mato ya yi ta yawo a unguwa yana cewa mutane su ga ikon Allah, takwara ya zo da kansa. Ya sauko da hular daga bango, ya sa wa Rafi'u kayansa a jaka, suka tafi otal da rana tsaka. Rafi'u ne ya ba ni labarin abin da ya faru.

Mutumin ya yi ƙiba, yana ɗingishi. Ya daɗe yana kallon Mato kafin ya gane shi, da ya gane kuwa ya rungume shi da gaske. Mato ya tura ɗansa gaba ya ce da Hausa, "Ga takwaranka nan ya girma, na kawo maka abinka." Tafintan da ke tare da mutumin Larabci kawai yake ji, don haka Rafi'u ne da bakinsa ya tsaya yana bayyana al'adar, yana bayanin cewa shi ne kayan da aka kawo. Tafinta ya juya maganar, Rafayel ya dafa ƙirji ya ce an karrama shi ƙwarai, zai ba matarsa labari. Ya karɓi hular ya sa mata hannu da alƙalami, ya mayar, ya bubbuga kafaɗar yaron, aka kira shi cin abinci. Jakar ko kallonta bai yi ba, don bai san ta tafiya ba ce.

Washegari Rafi'u ya tafi Kurayyat shi kaɗai ya durƙusa gaban Isha'aku. Tsohon ya ba shi ruwa, ya tambayi lafiyar uwarsa, ya ji buƙatarsa har ƙarshe. Sannan ya nuna wani saurayi da ke kwance ƙarƙashin firji da sufana a hannu, ɗan wani maƙwabcinsa Bello, wanda aka haifa shekara ɗaya da Rafi'u.

"Ɗana, kafilina mutum ɗaya ya yarda in ɗauka. Ga shi can. Sunansa Isha'aku."

Ba a yi wata biyu ba masu duba takardu suka kewaye filin unguwa ana tsakiyar wasa. Aka kai Rafi'u tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, daga can aka sa shi a jirgi zuwa Nijar, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Na je in yi wa Zeinabou jaje, na tarar da Mato yana gaya wa mutane cewa daga Yamai hanyar Birazil ta fi kusa. Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a ranar ba.

Kwanan baya Rafi'u ya kira wayata daga Tasawa, muna zaune da uwarsa da ubansa. Ya kira ni inna da Larabci, ya haɗa Hausar da yake da ita da ƙyar.

"Khala, tsofaffin nan kullum suna tambayata sunan wa aka sa mini a dangi, wai su san wanda zai riƙe ni. Wallah ma adri, ban san me zan ce musu ba."

Na ce ga wanda ya san amsa, na miƙa wa ubansa. Mato ya karɓi wayar, ya gyara zama, ya gyara murya, ya fara daga ƙaramar ƙungiyar nan ta bakin teku.